Ɗantani Baduku, Wanda Ake Kira Ko-da-Waina

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kurmi ta bakin Jakara a shekarun da suka biyo bayan dawowar sojojin Bama ya san rumfar Ɗantani, ko da bai taɓa sayen takalmi a hannunsa ba. 'Yar ƙaramar rumfa ce a layin dukawa, ƙofarta na kallon gabas, kullum warin sabuwar jima na tashi daga cikinta. Mai rumfar dogo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda sunkuyo, yatsunsa kuwa sun rine da jan karan dafi har ba sa fita ko da an wanke da sabulun salo. Ba shi da yawan magana. Idan ka zo, sai ya ce ka tuɓe, ya dubi ƙafarka gaba da baya, ya ɗora ta a kan kirgi ya zana, ya ce ka dawo ranar kaza. Ranar kuwa ba ta tashi.

A Jakara aka haife shi, a gidan da aka haifi mahaifinsa Nata'ala. Kakansa ya ga zamanin da Larabawa ke loda jar fatar akuya a kan raƙuma su nufi Tarabulus da ita. Daga wurin Nata'ala ya koyi riƙon basilla da aska, ya koyi yadda ake gane fata mai kyau da shafa kawai, ya kuma gaji wata ƙa'ida da gidan ya daɗe a kanta: su sabon takalmi suke yi, ba sa gyaran tsoho. Wanda takalminsa ya tsinke, akwai masu zama a bakin hanya da ƙusa da zare, can za a nuna masa. Ɗantani bai taɓa tambayar dalili ba. Haka ya tarar, haka ya ci gaba har ya haura shekara hamsin.

Matarsa ɗaya, Asibi. Sun haifi shida, biyu suka tsaya: Isiyaku da Husaina. Isiyaku ya zauna a rumfar shekara huɗu, ya iya yanka, ya iya ɗinki, amma zaman wuri ɗaya ya gagare shi. Yana yin aure ya koyi tuƙi, ya shiga jigilar gyaɗa a babbar mota tsakanin ƙauyuka da tashar jirgi. Husaina kuwa an kai ta Gwale, gidan wani mai rini. Sai gidan ya rage daga tsoho sai tsohuwa.

A shekarar 1954, bayan an gama girbi, mai unguwa ya zo har rumfa ya ce masa za a yi nunin sana'o'in hannu a waje da gari, kuma an zaɓe shi cikin dukawan da za su kai kayansu. Ɗantani ya ce aiki ya yi masa yawa. Mai unguwa ya ce ba shawara ya zo nema ba, sunansa ya riga ya tafi. Haka ya ɗaure takalmansa, fade da sambatsai da huffi, a cikin zane, ya aza a ka, ya fita ta Ƙofar Nasarawa tare da maƙwabcin rumfarsa Gambo, mai ɗinkin jaka da gidan wuƙa.

A filin an kakkafa rumfunan zana, an jera masaƙa da maƙera da marina. Wata Baturiya mai furfura, da malafa a kanta, tana bi rumfa rumfa da tafinta, tana rubuta sana'ar kowa a farin kati tana ɗaurewa a jikin sanda. Da ta iso kan Ɗantani sai ta tsuguna, ta ɗauki sambatsai ɗaya ta juya shi, ta bi ɗinkin da farcenta. Ta yi magana.

Tafinta ya ce, "Tana tambaya, kana gyaran tsofaffi ne, ko sababbi kake yi?"

Ɗantani ya ce, "Gaya mata ban taɓa sa basilla a tsohon takalmi ba. Sabo nake yi, da sabuwar fata."

Da aka mayar mata, sai fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta yage katin da ta fara rubutawa, ta ɗauko wani, ta rubuta wata doguwar kalma da manyan baƙaƙe: CORDWAINER. Wani Bature da ke biye da ita ya leƙa, ya karanta, ya kwashe da dariya har yana dafa kafaɗar tafinta. Suka wuce.

Dariyar nan ce ta tsaya wa Ɗantani a rai. Ya kira tafinta ya ce ya karanta masa abin da aka rubuta. Tafinta ya ƙura wa katin ido, ya motsa leɓe, ya ce, "Kod... kodwaina. Wallahi Baba ban san ta ba. Ban taɓa gamuwa da ita ba."

Gambo, da ke zaune a gefe, ya ce, "Me? Ko da waina?"

Dukawan da ke kusa suka fashe da dariya. Kafin a tashi nunin, kwana uku, babu wanda ke kiransa Ɗantani. Aka dawo Kurmi da sunan. Masu fata suka ɗauka, mahauta suka ɗauka, har matar da ke suyar waina a bakin layi, idan ya zo wucewa, takan ɗaga murya ta ce, "Ga mai ita nan ya zo!" Mutum ne da ba a saba yi wa wasa ba, kuma bai iya ramawa ba. Yakan sunkuyar da kai ne ya wuce.

Ya kawo katin gida ya soke a jikin azara. Asibi ta ce, "Malam, ka jefa abin nan a murhu mana. Takarda ce kawai."

Ya ce, "Idan zagi ne, ina so in san irin zagin da aka yi mini a gaban jama'a."

Ya fara da Garba, wani ɗan unguwarsu da ke aikin akawu a kantin Turawa a Fagge, wanda ake ganin babu Turancin da bai sani ba. Garba ya gyara zaman hularsa, ya rufe rabin kalmar da babban yatsa, ya ce ai abin a fili yake: farkonta igiya ke nan, saboda haka matar ta ɗauke shi mai tufkar igiya. Ɗantani ya ce ai takalmi ne a hannunta lokacin da ta rubuta. Garba ya ce to, Turawa ba a gane musu. Daga nan ya je wurin wani tsohon soja mai gadi, wanda ya ce shekara biyar ya yi yana shan zagin Turawa iri-iri daga nan har Indiya, amma bai taɓa jin wannan ba, ƙila sabon fitowa ne. Ɗantani ya dawo gida ƙafafunsa sun yi futu-futu, bai ƙaru da komai ba.

Sai da aka yi wata biyu sannan ya tuna da Salihu. Ɗan wani amininsa ne da ya rasu, mutumin Shahuci, yanzu ya zama malamin makarantar boko. Ɗantani ne ya ɗinka wa mahaifin nasa takalmin da ya sa ranar sunan Salihun. Ya same shi a zaure bayan la'asar yana duba littattafan ɗalibai. Salihu ya miƙe, ya shimfiɗa masa buzu, ya karɓi katin da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san ta ba. Amma akwai babban ƙamus a makarantarmu. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Salihu a Jakara da keke, ya ɗauro wani littafi mai kauri kamar tubali a bayan sirdi. Suka zauna a soro. Asibi ta aiko da fura, ita kuma ta tsaya a bayan labule tana saurare.

Salihu ya ce, "Da farko dai, Baba, ba zagi ba ne. Ma'anarta mai yin sabon takalmi da sabuwar fata. Suna da wata kalma dabam ta mai gyara, ita ce *cobbler*. Littafin ya nuna a da can ba a haɗa su. Kowa da ƙungiyarsa, kuma an ce har akwai lokacin da doka ta hana mai gyara taɓa sabuwar fata."

Ɗantani ya ce, "Har da doka?"

"Haka aka ce."

"To igiyar fa? Garba ya ce igiya ce."

Salihu ya yi murmushi ya ce babu igiya a ciki ko kaɗan, kama ce kawai ta baƙaƙe. Ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan rubutu ya ce asalin kalmar sunan gari ne. Akwai wani birni a ƙasar Andalus da Turawa ke kira Kodoba. A can ake jeme fatar akuya mai laushi, ana kai ta ƙasashen Turai. Faransawa suka sa wa fatar sunan garin, suka sa wa mai ɗinka ta sunan fatar, daga bakinsu kuma mutanen Ingila suka ɗauka, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da tafiya ta yi tafiya, sai duk mai yin sabon takalmi ya ci sunan, ko da wace fata yake aiki.

Ɗantani ya ce, "Andalus ta Musulmi?"

"Ita fa. Garin shi ne wanda malamanmu ke kira Ƙurɗuba."

Ɗantani ya ajiye ludayin fura. Wannan suna ya san shi. Ya sha jin sa a wurin karatun azumi, amma a zatonsa gari ne na malamai zalla, masu rawani da tawada. Bai taɓa kawowa a ransa akwai majema a can ba, da ramukan jima da wari, da mutane masu jan yatsu irin nasa. Ya ce, "Ashe su ma akuya suke jemewa." Ya maimaita sau biyu. Asibi ta ce daga bayan labule, "To alhamdu lillahi, sai a huta."

Da a nan maganar ta tsaya, da ya kwana da farin ciki. Amma ya ce, "To me ya ba Baturen nan dariya?"

Salihu ya ɗago kai daga littafin. Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, shi ya sa ya tambayi wani Bature da suke koyarwa tare. Baturen ya ce kalmar ta tsufa. Shi kansa sau biyu ya taɓa ganin ta: sau ɗaya a wata tsohuwar takardar gado, sau ɗaya a jikin allon wani shago da aka daɗe da rufewa. Idan ka faɗe ta a kasuwarsu yau, da yawa ba za su gane ba, waɗanda suka gane kuma za su ɗauka wasa kake yi, ko kana nuna ka yi karatu. Ga alama matar mai son tsofaffin abubuwa ce, ta ga inda kalmar ta dace, ta yi murna ta sa.

Ɗantani ya ce, "Ba sa sa takalmi ne yanzu?"

"Suna sawa, Baba. Inji ne ke yi. Ɗaki guda yana fitar da ɗaruruwa a yini."

"Su masu yi da hannun fa, ina suka shiga?"

Salihu ya rufe littafin. Ya ce, "Wasu sun shiga aikin injin. Wasu sun koma gyara. Baturen ya ce akwai 'yan kaɗan da suka rage, masu yi wa manyan attajirai."

Ɗantani ya miƙe. Ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin lungu, ya riƙe masa keken, Salihu ya ɗaure littafinsa.

Washegari ya gwada yi wa mutanen layi bayani. Ya fara da Andalus, bai kai ga Faransawa ba Gambo ya ce, "Ƙurɗuba ko Kura, mu dai waina muka ji." Aka yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa. Bai sake gwadawa ba. Sunan ya bi shi, har ya zama idan baƙo ya zo neman rumfar Ɗantani sai a yi ta tunani, amma yana cewa Ko-da-Waina za a nuna masa. A hankali shi ma ya fara amsawa, don rashin amsawar ya fi gajiyarwa.

Abin da Salihu ya faɗa kuwa bai jira an je Ingila ba. Cikin shekara biyu zuwa uku, Kurmi ta cika da takalman kanti, na roba da na zane, daga Sabon Gari da Fagge. Talakawa suka koma wa na tayar mota, wanda ake yankawa a tsaye a ba ka, ka yi shekara uku kana taka ƙaya da shi. Fata mai kyau kuma kamfanoni ke kwashewa tun daga majema, a ɗaure a sa a jirgi, sai ragowar ke isowa layin dukawa. Samari ba sa son a auna musu ƙafa su jira mako guda. Waɗanda suka rage wa Ɗantani tsofaffi ne, su kuma takalmi ɗaya kan yi musu shekaru, wasunsu ma sai ya ji sanarwar jana'izarsu kafin su dawo. Akwai makon da zai zauna daga hantsi har la'asar bai zana ƙafar kowa ba. Ga idanu sun fara yin hazo, sai ya fito bakin rumfa yake iya zura zare.

A cikin haka mijin Husaina ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya uku. Isiyaku yakan aiko da buhun gero idan ya samu hanya, amma shi ma nasa gidan ya cika. Asibi ta fara yin ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa ce masa ya canza ba, sai dai wata rana da safe, tana zuba masa koko, ta ce, "Jiya mutum uku na ji an ce ka mayar."

Ya ce, "Gyara suka kawo."

Ta ce, "Na sani." Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ciki.

A daminar 1957 wani tsoho mai sayar da itace ya tsaya a bakin rumfar, riƙe da fade ɗaya da maɗaurinsa ya fita. Ɗantani ya ɗaga hannu zai nuna masa bakin hanya, sai idonsa ya faɗa kan ɗinkin. Nasa ne. Ya tuna fatar, ya tuna shekarar, tara ke nan. Ya karɓa ya juya shi, ya ce a ransa wannan ai ba gyaran aikin wani ba ne, aikinsa ne ya dawo. Ya ɗinke shi tsaf. Tsohon ya tafi ya faɗa wa wani, wanin ya zo da takalmin da ba Ɗantani ya yi ba. Ɗantani ya duba layi, babu mai kallonsa, ya karɓa. Kafin Sallah an tara masa tsibi a gefen rumfa, har da na roba da ake liƙewa da wuta. Gambo, duk da bakinsa, bai ce uffan a kan wannan ba. Shi ma a lokacin jakunkunan kanti sun fara cin tasa kasuwar.

Wata ranar Asabar Salihu ya biyo ta layin. Ya sauka daga keke, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ga tsibin, ya kawar da kai yana tambayar mutanen gida. Ɗantani na riƙe da wani baƙin takalmin akawu da dunduniyarsa ta cinye.

Ya ce, "Malam Salihu, ɗaya kalmar nan fa, ta masu gyara. Yaya ka ce take?"

Salihu ya ce a hankali, "*Cobbler*, Baba."

"Kobila." Ya gyaɗa kai. "Wannan ta fi sauƙin faɗa. Ita ma ta tsufa?"

"A'a. Ita kowa ya san ta."

Ɗantani ya ce, "To." Ya sa ƙusa a baki, ya jawo guduma. Salihu ya tsaya kaɗan, ya ga babu sauran magana, ya yi sallama.

Shekara biyu Ɗantani ya yi yana gyara. Ya iya, don hannun da ya saba yin sabo ba ya kasa tsoho, amma ba ya ɗaga kai ya dubi ƙafar mai takalmin kamar da. Isiyaku ya saya masa tabarau a Sabon Gari, ya sa kwana biyu ya ce suna sa shi jiri. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, tafiyar da yake yi daga gida zuwa kasuwa a numfashi ɗaya ta koma sai ya zauna sau biyu a dakalin mutane.

A watan Agusta na 1959 aka yi wani ruwa tun daga sassafe har azahar. Kwarin Jakara ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga layin dukawa, bangon bayan rumfarsa ya zube a kan kayan aiki. Da aka ɗauke, ya je da sanda ya tsaya yana kallo. Maƙwabta suka tono masa abin da ya tonu, suka ce idan ƙasa ta sha iska za su haɗu su tayar masa da bangon. Ya yi musu godiya, ya ce su bari tukuna. Ya ɗaure basillu da aska a gefen riga, ya kama hanyar gida.

Asibi na tsakar gida tana kwashe ruwa da ƙwarya. Ta ɗago ta ce, "Yaya rumfar?"

Ya ce, "Ta faɗi."

"Za a gyara?"

Ya zauna a kan turmi, ya miƙe ƙafafu, ya ce, "Asibi, na gaji."

Bai sake komawa Kurmi ba. Aka ba wani mai yankan taya wurin. Shi kuwa ya koma zama a soro, matan unguwa na aiko masa da layu yana ɗinke musu a cikin guntayen fata, aikin da yatsu ke yi ko ido bai gani ba. Jikokinsa na wasa a gabansa, wani lokaci ya yi musu tsawa, wani lokaci ya ƙyale su. Da kaka ta yi, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, ranar ta bakwai da hantsi ya cika. Mutanen layin dukawa suka rufe rumfunansu suka raka shi, bayan azahar kuma suka dawo suka buɗe.